Akushin da Na Mayar wa Babana

Har yau ba na cin dambu da lawashi. Jikokina suna cewa tsufa ne ya lalata mini baki, ni kuwa sai in bar su da zancensu, don ba ni da ƙarfin zama ina yi wa waɗanda aka haifa jiya bayani. Bakina lafiyarsa ƙalau. Abin da ke hana ni ci wani abu ne daban, kuma shi nake so in rubuta tun idona yana ganin tawada.

Babana ne ya koya mini riƙe alƙalami. Falke ne shi da fari, ya yi ta kai da kawo tsakanin Illela da Ƙwanni da jakunansa, ya kai fata da goro ya dawo da kanwa da gishiri. Da gwiwa ta soma ba shi wahala sai ya sayar da jakunan ya kama fadamar da ya gada, can wajen hanyar Lafani, ya zama manomin albasa. Ni ce autarsa, kuma sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa bai taɓa kirana da sunana ba. Uwata yake ce mini. Ko faɗa zai yi mini, da Uwata yake farawa, sai faɗan ya lalace tun bai kai ko'ina ba. Yayyena maza sun sha bulala a hannunsa, ni kuwa ko tsawa mai kyau ban taɓa samu ba, har Inna tana cewa shi ya ɓata ni da bakin tsiya. Gaskiyarta ne, bakin yana nan har yanzu.

Ina budurwa Turawa suka zo suka kakkafa alamu a daji tsakaninmu da Ƙwanni, suka ce nan ƙasar Ingilishi, can ta Faransa. Mu dariya abin ya ba mu da fari, don rabin danginmu suna can. Amma ba a daɗe ba dariyar ta ƙare, mutanen can suka soma tsallakowa suna gudun aikin tilas. A cikinsu akwai wani mutum da ya iso da matarsa da ɗansa na goye, ƙafafunsa sun kumbura, ba su da ko tabarma. Babana ya gan shi a bakin masallaci ya kawo shi gida. Bayan ya warke ya ɗauke shi zuwa fadama, ya yanka masa gefe guda ya ce ya noma ya ci, aro ne har Allah ya buɗa masa. Gefen da ya ba shi kuwa shi ne mai rijiya, don ya ce baƙo ba shi da ƙarfin ɗauko ruwa daga nesa, su biyun sai su riƙa sha tare. A wurin akwai tsohon limamin garinmu, akwai kuma wani saurayi mai gona maƙwabciyar tamu. Saurayin nan shi ne ya zama mijina daga baya.

A wurinmu aron gona yana da ƙa'ida. Duk kaka wanda aka ara wa zai ɗauro dami ɗaya na gero, ko kwandon abin da ya noma, ya ɗauko a ka da rana tsaka, ya bi ta cikin gari ya kai ƙofar mai gona. Abin da ake nufi shi ne idon mutane, kowa ya gani ya tuna cewa wurin nan yana da mai shi, damin kuwa ko an ci ko ba a ci ba duk ɗaya ne. Baƙon nan ya san wannan, kuma ba zan yi masa ƙarya ba, ya kawo. Ina tsaye a zaure ranar da ya sauke kwandon albasa yana haki. Babana ya dube shi ya ce, "Haba, mi na wanga? Kai da ba ka da na sawa baki? Ɗauki ka kai ma iyalinka." Shekara ta zagayo ya sake kawowa, Baba ya tare shi tun a bakin gari ya mayar da shi. Inna ta yi magana, ta ce, "Malam, ka karɓa ko da za ka aika mashi ninkinshi ta bayan gida." Ya ce shi yana jin kunyar a gan shi yana karɓar abu daga hannun wanda ya zo ba takalmi. Daga nan mutumin ya daina kawowa, gari kuma ya manta.

Da aka kai ni ɗaki, Baba ya ɗauki wata al'ada tasa shi kaɗai. Kowace Juma'a bayan an sauko masallaci sai ga goggona, ƙanwarsa da ke zaune a gidanmu, ɗauke da baƙin akushinsa rufe da faifai. A ciki dambun gero ne da lawashin fadamarsa, an zuba man shanu. Tun ina yarinya shi nake so, ya kuma san gidan da na shiga ba su iya shi ba. Ni da maigidana mu cinye, in wanke akushin, in sa ɗan goro ko daddawa a ciki goggo ta mayar. Tsakanin Baba da maigidana akwai kunyar surukuta mai tsanani. Idan suka haɗu a hanya maigidana zai tuɓe takalmi ya durƙusa, su gaisa kowa yana kallon ƙasa, shi ke nan. Ba su taɓa zama sun yi hira ba. Duk ƙaunar da ke tsakaninsu a cikin akushin nan take tafiya.

Ina da 'ya'ya har sun tasa aka tuɓe mai garinmu. Laifinsa kowa ya sani. Idan aka ce a ba da mutanen gyaran hanya, 'ya'yan wasu yake turawa nasa suna kwance. Idan rigima ta haɗa danginsa da wani, tun kafin a zauna an san wanda zai ci. Ƙara ta yi yawa har ta kai kunnen hakimi, hakimi ya zo tare da Baturen rangadi da tafintansa. Aka tara dattawan unguwanni a gindin tsamiyar kasuwa aka ce su fitar da wanda suke so, kowa ya tashi ya tsaya bayan nasa. Mafi yawansu bayan maigidana suka tsaya, shi da bai nema ba.

Kafin a naɗa masa rawani dattawan suka ce sun ƙone sau ɗaya, ba za su sake ba, sai da sharaɗi. Kada ya zauna a kan maganar da ta shafi gidansa ko gidan surukansa, ya tura ta gaba wurin alƙali. Kada kuma ya ci ko ya sha ko ya karɓi komai daga gidan wanda yake da magana a gabansa har sai an gama. Hakimi ya ce ya yi daidai, Bature ya gyaɗa kai da tafinta ya juya masa, aka kawo Alƙur'ani maigidana ya yi alwala ya dafa. Babana yana cikin waɗanda suka fi ɗaga murya a kan a sa sharaɗin nan. Ni kuwa ina cikin gida ina ta rangaɗa guɗa, an ce mini matar Mai Gari, kaina ya yi girma. Ban san da wuyana aka ɗaure igiyar ba.

An yi shekaru lafiya lau. Na saba da ganin ana mayar da kaza, ana mayar da ƙwaryar nono, wani lokaci har ina yi masa tsiya in ce sarautar tasa ta yunwa ce. Sai baƙon nan na fadama ya rasu, tsohon liman kuma ya riga shi. Ɗan da aka zo da shi a goye ya zama magidanci. Wata safiya Baba ya je ban ruwa ya tarar an kewaye rijiyar da ƙaya. Ya tambaya, ɗan ya ce awaki ke yi masa ɓarna, kuma ai rijiyar a cikin gonarsa take, wadda aka ba ubansa kyauta. Na daɗe ina tsine wa yaron nan, amma yanzu da na tsufa ina ganin wataƙila har zuciyarsa haka ya ɗauka. Tun da ya buɗe ido bai taɓa ganin ubansa ya ɗauki dami zuwa ƙofar kowa ba.

Baba bai damu ba ko kaɗan. Ya ce abin da aka yi a gaban Mai Gari, mene ne na tashin hankali? Da yake ba zai iya zuwa zauren surukinsa ya kai ƙara da bakinsa ba, sai ya aiki wani dattijo abokinsa. Dattijon ya dawo masa da amsa cewa Mai Gari ya ce maganar gidan surukansa ce, ba zai zauna a kanta ba, sai dai a tafi wurin alƙali a garin hakimi. An gaya mini Baba ya yi murmushi ya ce ai dole ya faɗi haka a gaban mutane, a bar shi, yaron kirki ne.

Wannan ranar Laraba ce. Juma'a ta zo, goggo ta shigo da akushi kamar kullum, ta ajiye ta tafi gidan wata ƙawarta kafin mu gama. Na shimfiɗa tabarma, na kawo ruwan wanke hannu, na kai hannu zan ɗaga faifai. Maigidana ya ce, "Dakata. Kada ki buɗe."

Na ce, "Mi ya faru?"

Ya ce, "Akwai magana tsakaninmu da gidan nan. A mayar."

Wallahi na ɗauka wasa yake yi, har na yi dariya. Da na dubi fuskarsa sai dariyar ta tsaya. Na ce masa, "Wane gida? Gidanmu? Akushin da kake ci tun ba ka da rawani, yau shi ya zama toshiyar baki? To kai kada ka ci. Ni ɗiyarshi ce, ni anka kawo ma, ni zan ci abina."

Ya ce, "In ya kwana cikin gidan ga an ci, gobe a kasuwa ba wanda zai tsaya tambayar ko wa ya ci."

Nan fa na sake masa baki. Na ce ai ya ma ce ba zai zauna a kan maganar ba, to me ya rage? Ya ce shi zai tura su, shi zai haɗa su da ɗan rakiya, har alƙali ya yanke maganar a hannunsa take. Na ce, "Kana wurin. Da kunnenka ka ji an ce aro. Kalma ɗaya za ka faɗi a zauren nan yaron ya kwashe ƙayarshi, ba wanda zai ce maka don mi. Ƙarya anka ce ka yi? Gaskiya ce fa ka sani."

Ya bar ni na gama. Sannan ya ce, "Na sani. Wanda anka tuɓe ma kullum cewa yake ya san gaskiya. In na zauna yau don na san gaskiya, gobe na bayana zai zauna shi ma, kuma ba mai iya ce mashi tashi. Na dafa Alƙur'ani, babanki yana tsaye."

Na ce to ya cire rawanin mana, ya mayar musu da abinsu. Ya ce ko ya cire, surukin Baba ne shi har gobe, cirewar ba za ta buɗe rijiya ba. Zai bi su wurin alƙali da ƙafarsa ya faɗi abin da ya ji, iyakar abin da zai iya ke nan. Ya ƙara da cewa idan goggo ta dawo a ba ta ta mayar. Na ce a'a. Ba za a ɗora wa tsohuwa wannan kaya ba, ba kuma za a bar babana ya ji daga bakin wani ba. Na yafa mayafi na ɗauki akushin, da ɗuminsa a tafin hannuna, na fita ban ko tambaye shi izini ba.

Tsakanin gidana da gidanmu ba nisa, amma ranar na ji hanyar. Mutane suna zaune a ƙofar gidaje bayan masallaci, kowa kuma ya san akushin nan, ya san ba cike yake komawa ba. Na tarar da Baba a inuwar rumbu yana gyaran igiyar guga. Ya ɗago ya ce, "Uwata, ke da kanki? Har kun cinye?" Na durƙusa na ajiye a gabansa. Ya ɗaga faifai ya ga dambu yadda aka zuba shi, man ko narkewa bai gama ba. Ya mayar da faifan a hankali.

Na ce, "Baba, ya ce akwai magana tsakaninku, har sai an gama. Rantsuwar da ya yi ce."

Ya ce, "Ni na ba shi toshiya?"

Na ce, "Ba haka yake nufi ba."

Ya ce, "Shekara da shekaru ina ciyar da ɗiyata, ashe ni ban sani ba sayen shari'a nake." Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga da na fi samun sauƙi. Ya kira Inna ya ce ta ɗauke ta ba almajirai ko kaji, duk wanda ta ga dama. Sannan ya dube ni ya ce, "Tashi ki koma, matar Mai Gari. Kada a ce kin daɗe gidan mai ƙara." Tun da aka haife ni ban taɓa jin ya kira ni da wani suna ba sai ranar. Na fito ina kuka kamar wadda aka yi wa mutuwa, ban damu da masu kallo ba.

Suka tafi garin hakimi. Baba a kan jakin aro, maigidana a ƙasa yana bin su daga nesa, ya ƙi hawa dokinsa. Abin da ya faru can daga bakin yayana na ji. Alƙali ya tambayi Baba shaidu, ya ce ɗaya ya rasu, ɗaya ga shi. Maigidana ya tashi ya faɗi duk abin da ya ji, bai rage ba. Alƙali ya tambaya mene ne tsakaninsu, aka ce 'yarsa yake aure. Ya ce shaidar suruki ga surukinsa ba ta tsayawa, a kawo wani. Ya tambaya ko akwai wanda ya taɓa ganin an karɓi damin aro, ba a samu ko ɗaya ba. Waɗanda suka tuna wani abu, abin da suka tuna shi ne Baba yana mayar da kwando, wannan kuwa ya fi kama da kyauta. Yaron ya rantse a kan abin da ya tashi ya tarar, aka bar masa gefen da rijiyar. Ban ce alƙali ya yi zalunci ba. Da abin da aka sa a gabansa ya yi hukunci, wanda ya san gaskiyar kuma an ɗaure masa baki ta ko'ina.

Bayan an dawo maigidana ya aika dattijon nan ya ce wa Baba ga tasa gonar, tana da ruwa, ya ɗauka duka. Baba ya ce a gaya wa Mai Gari ya gode, shi ba ya karɓar komai daga gidan da yake da magana da su. Yaron ma daga baya kunya ta kama shi ya buɗe ƙayar ya ce Baba ya riƙa ɗiba. Baba ya ce bai iya roƙon ruwa a rijiyar da kakanmu ya haƙa ba. Ya tara yayyena suka haƙa wata a gefensa, suka sha wahala, ruwan da ya fito mai kanwa ne, albasa ta ƙi shi. Tsoho da ciwon gwiwa ya riƙa ɗauko ruwa daga tafki a tulu. Taurin kai, in ana gadonsa, to na san inda na samo nawa.

Juma'a ta riƙa zuwa tana wucewa ba akushi. Na kan je gaishe shi, ya amsa mini da kyau, ya tambayi yara, ya tambayi Mai Gari, ya sa mini albarka. Amma Uwata ta ɓace daga bakinsa. Na yi masa kuka, na yi masa tsiya irin wadda da take sa shi dariya, har na ce masa ai shi ya fi kowa ɗaga murya ranar da aka sa sharaɗin. Ya ce, "Na ɗaga. Ban ce ya yi laifi ba. Ya cika alkawali, Allah shi yi mashi albarka." Na ce to in bai yi laifi ba ni me na yi? Sai ya ɗauki igiyarsa ya ci gaba da tufka. Na gane daga baya cewa rashin rijiyar bai ci shi kamar akushin ba. An nuna wa gari cewa abincinsa abin zargi ne, kuma hannun da ya fi so shi ya dawo masa da shi.

A gidana kuwa na daɗe ban yi wa maigidana magana mai daɗi ba. Ya jure. Ranar Juma'a idan ya sauko masallaci ba ya cin komai sai la'asar, bai taɓa faɗin dalili ba, ni ma ban tambaya ba. Ya yi shekaru masu yawa da rawanin nan, ya rasu ba a taɓa kai ƙararsa ba. Har yau in ana son a yabe shi labarin nan ake ɗaukowa, wai Mai Garin da ya mayar da akushin surukinsa. Suna faɗi suna jinjina kai a gabana, suna jira in ji daɗi. Ni kuwa sai in ji kamar in kwaɗa wa mai faɗin muciya. Ban ce mijina ya yi kuskure ba, na juya abin nan a zuciyata fiye da yadda zan iya faɗi, ban samo inda zan ce ga abin da ya kamata ya yi ba. Amma masu yabon nan ba su suka ɗauki akushin ba, kuma ba uban ɗayansu ba ne.

Damina ta biyu ko ta uku bayan shari'ar Baba ya kwanta. Zazzaɓi ne ya kama shi a fadama, ya sauka a ƙirji. Da goggo ta zo ta ce ya daina cin abinci, na tashi da safe na dama masa kunun tsamiya mai laushi irin wanda yake so, na ɗauka na tafi. Na same shi a ɗakinsa ya rame, idanunsa sun faɗa. Na tallafo kansa na kawo ludayi bakinsa. Ya dubi ƙwaryar, ya ga ba ta gidan ba ce.

Ya ce, "Daga ina?"

Na ce, "Ni na dama maka, Baba."

Ya ce, "Da geron wa?"

Na sake matso da ludayin. Ya kawar da kai ya ce, "Mayar. Akwai magana tsakaninmu."

Na ce, "Baba, magana ta ƙare tun yaushe. Alƙali ya yanke."

Ya ce, "Wurinku ta ƙare."

Raina ya ɓaci, baƙin ciki da haushi suka haɗu mini. Na ce masa to shi ke nan, tunda geron gidan Mai Gari ne ba ya so, ai rumbunsa yana nan. Zan ɗebo nasa, in sussuka a turminsa, in dama a tukunyar Inna da ruwan randarsa, in ga kuma abin da zai ce. Na ga gefen bakinsa ya motsa kaɗan, kamar yadda yake yi da in na yi masa rashin kunya ina yarinya. Bai ce in yi ba, bai ce in bari ba. Na ɗauki wannan a matsayin izini na fita da sauri.

Na hau rumbu da kaina na zaro gero. Turmin yana can bayan gida kusa da garken awaki, na ja shi inuwa na kama aiki. Na sussuka, na sheƙe, na surfa, na wanke, na koma na kama daka. Da ƙarfi nake yi, duk haushin da na tara na shekarun nan a kan geron na sauke shi, taɓarya tana tashi tana sauka ba na jin komai sai ita. A raina ina cewa yau sai ya sha, in ya sha kuma sai na sa shi ya faɗi sunan nan ko da faɗa ne. Gari ya yi laushi, na tankaɗe, na juya zan nufi murhu, sai na ga Inna tsaye a bayana. Ban san tun yaushe take wurin ba.

Ta karɓi ƙwaryar garin daga hannuna ta ajiye a ƙasa. Ta ce, "Bari, ɗiyata. Ya cika."

Na ce mata yanzu fa na bar shi, yanzu ya yi mini magana. Ta ce tana zaune kusa da shi yana sauraren dakan, har ya ce wannan hannun Uwata ne, ita ke daka kamar tana faɗa da turmi. Can sai numfashinsa ya canja, ya soma kira. Ta ce, "Ya kira ki. Uwata, Uwata, ya fi sau nawa. Na leƙo na ƙwala maki kira ba ki ji ba, na ji tsoron in taho in bar shi shi ɗaya."

Da aka yi rabon kayansa yayyena suka tambaye ni abin da nake so. Na ce akushin. Yana nan a ɗakina a kife, ya tsage ta gefe ɗaya, ban taɓa zuba komai a ciki ba.